Ranar da Na Ƙaryata Baffa

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na Kabo, aka kai shi makwancinsa bayan Azahar. Kafin La'asar tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida sun kasa, sai da aka aro na masallaci. Ban zaci yana da jama'a haka ba. Shekarunsa na ƙarshe a gindin darbejiya ya yi su, daga shi sai rediyo da buta.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne mai kemis na bakin kasuwa, mutumin da suka daɗe ba sa shiri da Baffa. Ya koma gefe ya rufe fuska da hannun riga, yana ta cewa, "Ya gaya mini. Wallahi ya gaya mini." Ba wanda ya tambaye shi me aka gaya masa. Tsofaffin ma'aikatan asibiti suka zo daga Gwarzo a mota guda, wasunsu da sanda, suna tuna yadda yake mayar da likita baya in ya shigo ɗakin gwaji bai wanke hannu ba. A cikin gida kuwa Inna, matarsa, ba ta ɗaga murya ba. Duk wadda ta shigo, abu ɗaya take ce mata: "Bai wahalar da kowa ba."

Ni aka riƙa nufowa. Kowa ya yi gaisuwa sai ya ƙara da cewa, "Ai bai mutu ba, tunda ga ka. Kai ka gaje shi." Saboda sun ji ina koyarwa a jami'a, ina binciken irin ƙananan halittun da ya ƙare rayuwarsa yana leƙe. Ina amsawa da amin, kaina a ƙasa, suna ɗauka baƙin ciki ne kawai. Liman, wanda surukina ne, aka riƙo shi ya zo don tsufa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Shi kaɗai bai ce na gaji Baffa ba. Yana wurin ranar da abin ya faru.

Na ga in ban rubuta ba, za a tuna Baffa a matsayin wani tsoho mai yawan wanke hannu, ni kuma a ci gaba da yaba mini. Duka biyun ba daidai ba ne.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa. Aikinsa duba jini da fitsari da majina a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Gwarzo. Ba likita ba ne, kuma in aka kira shi likita sai ya gyara: "Ni mai leƙe ne." Ƙwayoyin cuta kuwa bai taɓa kiran su da sunan ba a gida. "Mutanen nan" yake cewa. In Inna ta bar tuwo a buɗe, sai ya ce, "Kin yi wa mutanen nan walima." In ya ga ina kiciniyar gama abu, sai ya ce, "Mutanen nan ba sa sauri, amma ban taɓa ganin sun huta ba." Yana wanke hannu har gwiwa kafin ya ci ko goro ne. Rigar da ya yi aiki da ita ba ta shiga ɗakin Inna.

Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, kayan aiki suka ƙare a asibiti, wutar lantarki ta zama baƙuwa, daga baya aka rage ma'aikata, sunansa ya fito. Ya dawo Kabo da wani tsohon madubin leƙen ƙwayoyi da wani likita baƙo ya bar masa, irin wanda hasken rana yake wadatarwa. Ya share shagon ƙofar gida. Ya sa kafinta ya haɗa masa akwati, ya zura fitilar ƙwai a ƙasa don ɗumi, ya rataya ma'aunin zafi a ciki. Abincin ƙwayoyin kuwa romon nama ne yake tacewa, ya zuba a kwalaben allura da ya tafasa. Mutanen ƙauyuka suka fara kawo masa fitsari da majina. Ba ya ba da magani. Zai shuka abin a kwalabe, bayan kwana biyu ya rubuta a takarda wane magani ne ya kashe su, wanne ne bai taɓa su ba, ya ce a kai wa likita.

A lokacin ne suka saɓa da mai kemis. Mutane ba sa iya sayen magani cikakke, sai a karɓi kafso biyu, ja da rawaya, a fasa a koko a shanye. Wata rana Baffa ya taka har shagon.

"Alhaji, kafso biyu ba magani ba ne. Karatu kake koya musu."

"Su wa, Malam?"

"Mutanen nan."

Mai kemis ya ajiye abin da ke hannunsa. "To wanda ƙarfinsa na biyu ne, in kore shi ya je ya mutu a gida? Kai ka cika masa sauran mana."

Baffa ya juya ya fita. Da ya dawo gida ya ce wa Inna, "Shi ma da gaskiyarsa." Amma mako na zagayowa ya sake komawa, suka sake yi, har aka taru. Tun daga nan sai dai gaisuwa daga nesa.

Wannan rigimar ce ta haifi kwalabensa. Ina aji biyu a jami'a na zo hutu, ya kira ni shagon da safe, ya miƙo mini kwalba biyu.

"Ɗaga wannan ka duba a haske."

Romon garau yake.

"Wannan fa?"

Ya gurɓace kamar ruwan wankin gero.

"Magani ɗaya ne a ciki, awo ɗaya," in ji shi. "Mutanen nan da na zuba ma kakansu ɗaya, daga ƙwaryar nono ɗaya na ɗebo su, marasa cutarwa ne. Na raba su gida biyu. Na farkon ba su taɓa ɗanɗana magani ba, shi ya sa ya kashe su, ka ga ruwan ya tsaya fes. Na biyun kuwa duk bayan kwana biyu ina mayar da su sabuwar kwalba, ina ɗan lasa musu magani kaɗan. Masu rauni su mutu, wanda ya ɗan fi juriya ya tsira ya hayayyafa. Sai in ƙara kaɗan. Yau ga jikokinsu suna iyo a cikin abin da ya kashe 'yan'uwansu."

Na ce, "Baffa, a ina ka karanta wannan?"

"An taɓa faɗa mana a aji. Ban yarda ba, sai na ce bari in gani."

Na daɗe riƙe da kwalaben. A jami'a zane kawai muke gani a allo. Ranar na san abin da zan yi da rayuwata.

Ya ci gaba da rainon gidajen nan biyu fiye da shekara goma. In kananzir ya yi wuya, fitilar ɗakinsa yake kashewa ya bar ta akwatin. Ko biki za shi, ba ya wuce kwana biyu. Duk kwalbar da ya gama da ita sai ya tafasa ta kafin ya zubar, yana cewa ba zai saki ɗalibansa cikin gari ba.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ta zo. Gari ya cika da murna, ni ma ina ciki. Mun gaji da zalunci, muna sa ran gyara. Na dawo gida da digiri na biyu, ina neman auren 'yar Liman, an ma tsayar da rana. Yayanta saurayi ne mai himma, yana cikin masu zagayawa suna wa'azi a kasuwa. Wata La'asar ya tarar da Baffa a majalisa yana yi wa dattawa bayanin yadda jikan ƙwayar cuta yake bambanta da kakansa. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ce wannan ai ita ce aƙidar masu cewa halitta tana sauya kanta da kanta, masu cewa asalin mutum biri ne. Cikin kwana uku magana ta zaga gari, ta ƙaru da wata: me dattijo yake yi da fitsarin mutane a kwalabe?

Liman ya sa aka kira zama a zaurensa da safe. Dattawan unguwa suka cika shi, samari na tsaye a ƙofa. Baffa ya zo da kwalabe biyu a aljihu, ya ajiye a gabansa. Saurayin ya faɗi ƙorafinsa, aka ce Baffa ya yi magana.

"Allah gafarta Malam, ban ce su suka halicci kansu ba. Wanda ya halicce su shi yake jujjuya su yadda ya so, ni kallo kawai na yi. Ai ko geron da muke zaɓar iri duk shekara, na yanzu bai yi kama da na kakanninmu ba. Maganar biri kuma ban taɓa yin ta ba. Ni a kan kafso nake magana."

Wasu suka yi dariya. Liman ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Ni ban san wannan fannin ba," in ji shi. "Amma ga ɗansa nan, ya je jami'a ya karanta shi." Ya juyo gare ni. "Abin da baffanka yake faɗa, haka yake a wurin masana?"

Kundin digirina yana cikin akwatina a gida, an sa masa hannu, kuma a kan wannan magana na rubuta shi daga farko har ƙarshe. Na dubi yayan yarinyar, ya kafe ni da ido. Na dubi samarin da ke ƙofa. Na tuna saura mako uku ɗaurin aure. Sai na ji ina cewa:

"Allah gafarta Malam, magana ce da ba a tabbatar ba. Baffa kuma bai yi zurfi a karatun ba, aikin gwaji kawai ya koya. Ga kuma shekaru."

Ba wanda ya tilasta mini ƙara ta ƙarshen. Ni na ƙara ta.

Baffa bai dube ni ba. Ya sa hannu ya ɗauki kwalabensa ɗaya bayan ɗaya ya mayar aljihu. Liman ya yi ajiyar zuciya, ya ce bai ga kafirci a maganar ba, kada wanda ya sake jifan dattijo da wannan kalma. Amma tunda ɗan da ya raina ma bai shaide shi ba, ya daina karɓar kayan mutane, ya kuma bar yin zancen a majalisa, don a zauna lafiya.

Baffa ya ce, "Na ji, na bi."

Bayan Azahar ya hura wuta a tsakar gida, ya ɗora babbar tukunya, ya riƙa fito da kwalabe yana jerawa a ciki. Duka gidajen biyu. Ina tsaye a bakin ƙofa na kasa shiga, na kasa tafiya. Inna tana ɗaki, ta saki labule. Da wutar ta fara ja baya ya ɗago ya ce mini, "Matso da itacen nan." Na matso da shi. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mako uku bayan haka, a zauren nan dai, Baffa ya sa farar babbar rigarsa ya zauna gaban Liman ya karɓa mini aure. Shi ne wakilina, ba ni da wani. Da aka shafa fatiha ya miƙa wa yayan amarya hannu, ya ce, "Yanzu mun zama ɗaya." Ya raba goro da kansa. Inna kuwa shekara guda ba ta ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. Ita ta yi mini adalci.

An yi shekaru kafin Liman ya taɓo maganar, wata rana mu biyu kawai. Ya ce, "Da ka ce haka ne, da na sallame shi a take. Abin da nake jira ke nan. Ni ban kira ka don ka kayar da shi ba." Ashe auren ma da nake tsoron rasawa ba ya cikin haɗari.

Na koma Kano, na ci gaba da karatu, aikina ya koma rabi a ɗakin gwaji rabi a kwamfuta. Muna tsara lissafi mu sa na'ura ta kwaikwayi yadda ƙwayoyi ke hayayyafa da sauyawa, sannan mu gwada a zahiri mu ga ko ta yi daidai. Ina zuwa Kabo duk ƙarshen wata da buhun shinkafa da shadda. Yana karɓa, yana sa albarka. Shagon kuwa an zuba buhunan masara.

Wata Asabar na zo da ƙaramar kwamfutata da niyyar in nuna masa aikina, daga nan in roƙe shi gafara. Muka zauna a gindin darbejiya, ya sa tabarau. Na nuna masa ɗigo-ɗigo a allon: korayen masu rauni, jajayen masu juriya. Na danna, magani ya shiga, koraye suka riƙa ɓacewa, ja ya mamaye allon.

"Zuriya nawa ke nan?"

"Dubu, Baffa."

"Kafin shayi ya huce? Ba romo, ba kananzir?" Ya yi dariya har da tari. "Suna wari?"

"Ba sa yi."

"To ta ina kake sanin sun lalace?" Ya matso. "Janye maganin mu gani."

Na janye. Jajayen suka zauna daram, ba abin da ya sauya.

Ya girgiza kai. "Nan ta yi kuskure. Masu juriyar nan kaya suka ɗauka, ya yi musu nauyi, ba sa haihuwa da sauri. Na taɓa gama su da na gida, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana magani ba, a kwalba ɗaya ba magani. A hankali na gida suka cinye wurin. Ka je ka gwada."

Fuskarsa ta yi haske irin wanda rabon da in gani tun kafin zaman zauren. Na ce a raina ba zan ɓata masa wannan yinin da tsohuwar magana ba. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro na sake ji. Na koma na gwada, a yawancin kwalabena abin ya fito yadda ya ce, na gyara lissafin. Na sa sunansa a sashen godiya, da Turanci, a takardar da ba mai karanta ta a Kabo.

Ciwon suga ya daɗe da kama shi. A daminar bara kututture ya soke shi a ƙafa a gona, mikin ya ƙi warkewa. Muka kai shi Kano, aka sauya magani sau uku. Shi da kansa ya ce, "Ɗebi ruwan mikin nan ka je ka shuka." Bayan kwana biyu na kawo masa takardar sakamako, ina ɓoye ta a bayan wasu takardu. Ya miƙo hannu. Ya bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa, sunan magani bayan sunan magani, ko ɗaya bai yi aiki sosai ba. Ya ninke ta ya ba ni.

"To," in ji shi. "Waɗannan sun yi sauka."

Likitoci suka ce sai dai a yanke ƙafar, amma jikinsa ba zai ɗauki aikin ba. Ya ce a mai da shi gida.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa, da safe, ina durƙushe ina wanke masa mikin, Inna ta fita ɗebo ruwan zafi. Ban ɗago ba na ce, "Baffa, ranar nan a zauren Malam, ƙarya na yi. Na san gaskiya kake faɗa. Ka yafe mini."

Ya ce, "Nawa na yafe tun kafin mu fito daga zauren. Yaro ne kai, kana son aure. Ni ma na taɓa so."

Hawaye suka zubo mini. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga yatsa.

"Amma akwai wata mata daga Durun, mai sayar da daddawa. Ana gobe zaman ta kawo fitsarin 'yarta, yarinyar na zazzaɓi, an ba ta magani kala biyu bai yi ba. Na shuka, na ce ta dawo jibi in gaya mata wanda zai yi. Kwalbarta na cikin tukunyar nan. Ban sani ba ko ta dawo aka ce mata an rufe, ko labari ta ji ba ta zo ba. Ban san yadda suka ƙare ba." Ya numfasa. "Wannan ba nawa ba ne, balle in yafe maka. Ni ma ina da kaso a ciki, da na bari ya kwana biyu kafin in tafasa shi."

Inna ta shigo da ruwan, ya ce mata ya yi zafi da yawa, a sirka.

Bayan sadakar bakwai na hau babur na tafi Durun. Na gaida mai unguwa, na ce ina neman wata mata da take sayar da daddawa a farkon Shari'a, tana da 'ya da ta yi rashin lafiya. Ya tambaye ni sunanta, ban sani ba. Sunan mijinta, ban sani ba. Ya sa aka kira wasu tsofaffi mata biyu. Suka dubi juna, ɗaya ta ce, "Ɗan nan, a lokacin wace ce ba ta daddawa? Wace ce kuma ba ta yi jinyar ɗa ba?" Suka lissafo mini gida biyar. A uku yaran sun rayu, har sun yi aure. A biyu ba su rayu ba. Suka ce ko in je a nuna mini gidajen.

Na ce a nuna mini. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi sallama, na gaisa. Ba wadda ta tuna ta taɓa kai kwalba Kabo.

Allah ka jiƙan Baffa, ka sanyaya masa makwanci, ka karɓi haƙurinsa. Yarinyar nan kuma, in tana raye ka ƙara mata lafiya, in ta riga mu ka sa tana cikin rahamarka. Ni kuwa ka san abin da na faɗa da bakina.